Auna Takin Masara da Kwamfuta da Tauraron Ɗan'adam: Bayani Game da Gonakin Turba a Ƙasar Gobir

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A sha'anin takin zamani kuwa, shekara da shekaru manomi da idonsa kaɗai ya ke aiki, malamin gona kuma da mudu guda ya ke auna wa kowa, ko gonar mutum jigawa ce ko fadama. A wannan zamani masana sun fito da dabaru biyu don a daidaita tsakani. Ta farko ita ce kwaikwayon girman shuka cikin kwamfuta, ta biyu kuma duban ganyen shuka daga sama. Nufin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda kowace ta ke aiki game da masara, da abin da aka riga aka gwada a ƙasar Hausa, sa'an nan a duba iyakar amfaninsu ga wuri irin Turba, cikin Ƙaramar Hukumar Isa, maƙwabciyar Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato.

Ƙasar da ruwanta

Isa da Sabon Birni suna cikin tsohuwar ƙasar Gobir, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. A wannan yanki ne kogunan Bunsuru da Gagare su ke haɗuwa, Gulbin Maraɗi ya shigo daga arewa, ruwansu ya bi Rima ya nufi madatsar Goronyo. Damina gajeriya ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara kuwa ya kan kama tsakanin milimita 500 da 700, wata shekara ya fi haka, wata ya gaza. Sabo da haka gero da dawa da wake su ne ginshiƙin abinci a tudu. Masara ta fi samun wuri a fadama, da bayan gida inda juji ya ƙosar da ƙasa, da wuraren noman rani.

Tun asali masara ba ta cikin manyan hatsin Arewa. Ta bazu ne sosai daga shekarun 1970, sa'ad da sababbin iri su ka fito daga cibiyar IITA ta Ibadan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, aka kuma buɗe manyan ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe, taki ya samu da rahusa. Daga baya aka fitar da iri masu saurin nuna, waɗansu cikin kwana 90 zuwa 95, waɗansu ma 80 zuwa 85. Su ne su ka sa ta iya matsawa arewa zuwa ƙasashen da ruwa bai wadata ba. Amma fa masara ba ta da haƙurin gero. In ƙasa ta gaji gero ya kan ba da ɗan abin da ya samu, ita kuwa sai ta tsaya ƙirmisisi, ta ƙi goyo.

Naitirojin da hanyoyin ɓacewarsa

Cikin abincin da shuka ke ɗauka daga ƙasa, uku ne manya: naitirojin, da fosfarus, da fotashiyam. Su ne harufa uku da lambobi uku da a ke gani jikin buhun kamfa. Buhun da aka rubuta wa 15-15-15, cikin kowane kilo 100 akwai kilo 15 na naitirojin. Yuriya kuwa naitirojin zalla ta ke bayarwa, kashi 46 cikin ɗari, watau buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23.

Naitirojin shi ne ke gina tsanwar ganye, da tsanwar kuwa shuka ke kama hasken rana ta yi abinci. In ya yi ƙaranci, tsofaffin ganye na ƙasa su ke fara nunawa: rawaya ta faro daga bakin ganye ta bi jijiyar tsakiya, don shuka tana kwashe abin da ke cikinsu ta kai wa sababbi. Bisa ƙiyasi, masara na bukatar ta sha wajen kilo 20 na naitirojin kafin ta ba da tan guda na ƙwaya. Mafi yawan wannan kuwa tana shansa ne tun daga sa'ad da ta kai gwiwa har ta fid da kai ta yi gemu.

Wahalar ita ce naitirojin ba ya zama wuri ɗaya ya jira shuka. A jigawa, ruwan sama mai ƙarfi ya kan wanke shi ya nutse ƙasa da inda saiwa ta kai. In an watsa yuriya a bisa ƙasa ba a rufe ba, wani kashi ya kan zama iska ya tashi. A fadama kuma, in ruwa ya kwanta, ƙwayoyin halitta na cikin laka su kan mai da shi iska. A 1999 waɗansu masana biyu na Jami'ar Jihar Oklahoma a Amurka, William Raun da Gordon Johnson, su ka ƙiyasta cewa a duniya duka wajen kashi ɗaya cikin uku kaɗai na naitirojin da a ke zuba wa hatsi ke komawa cikin amfanin da aka girbe. Ga talaka wanda ya sayar da akuya ya sayi buhu, wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Mudu guda ga kowa

Shawarar da aka daɗe ana bayarwa don masara a Arewacin Nijeriya ita ce kilo 120 na naitirojin, da kilo 60 na takin fosfarus, da kilo 60 na takin fotashiyam ga kowace hekta. In an mai da shi buhuna, kamfa 15-15-15 buhu 8 ke nan, da yuriya buhu biyu da rabi da 'yan kai. Wannan awo ya fi dacewa da ƙasashe masu yalwar ruwa kamar Zariya da Funtuwa. Manoma kaɗan ne ke iya sayensa, kuma ba kowace gona ke bukatarsa ba. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun lura cewa abin da a ke zubawa a kudu da Sahara bai wuce kilo 8 a hekta ba, su ka ƙudura a kai shi kilo 50 kafin 2015, mafi yawan ƙasashe kuwa ba su cim ma wannan ba. Nijeriya ta sami manyan masana'antun yuriya, ciki har da ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022, amma yawan taki a masana'anta bai sa ya yi araha a kasuwar ƙauye ba.

Ga misali, na lissafi kawai, don a ga inda mudu guda ke kuskure. A ɗauka manomi yana neman tan 3 a hekta, watau shukarsa za ta sha kilo 60. Gonarsa ta daji, in ba taki, tan 1 ta ke bayarwa, ashe ƙasar da kanta tana ba da kilo 20, saura 40. In rabin abin da aka zuba ne shuka ke samu, sai a zuba kilo 80, wajen buhu uku da rabi na yuriya. Gonarsa ta bayan gari kuwa, wadda ta sha mangalar taki da toka, shanun makiyaya kuma su ka kwana cikinta da rani, tana ba da tan 2 ba taki. Gibinta kilo 20 ne, a zuba 40, bai kai buhu biyu ba. Mutum ɗaya, gari ɗaya, iri ɗaya, amma bukatar wannan ta ninka ta waccan.

Gonar lissafi

Abin da a ke nufi da kwaikwayon shuka cikin kwamfuta shi ne a rubuta dokokin girmanta da lissafi, har kwamfuta ta iya bin ta kwana-kwana tun daga shuka har girbi. Ana iya kiran wannan gonar lissafi. Abu huɗu a ke ba ta. Na farko yanayin kowace rana: ruwan sama, da zafi, da hasken rana. Na biyu halin ƙasa hawa-hawa: yawan rairayi da laka, da ruwan da ta ke iya riƙewa, da ruɓaɓɓen abin da ke cikinta. Na uku halin iri: yawan zafin da ya ke bukata kafin ya yi fure, da yawan ƙwayar da goyo ke iya ɗauka. Na huɗu aikin manomi: ranar shuka, da tazara, da ranar zuba taki da yawansa. Kowace rana sai ta lissafta ruwan da ya shiga da wanda ya fita, da naitirojin da saiwa ta sha da wanda ya zurare, da abin da ganye ya ƙaru.

Mafi shahara ga masara ita ce CERES-Maize, wadda C. A. Jones da J. R. Kiniry su ka wallafa a Amurka a 1986, aka kuma sa ta cikin tarin manhajojin da a ke kira DSSAT. Akwai wata mai suna QUEFTS, wadda masanan Wageningen a ƙasar Holan su ka fitar a 1990 bisa gwaje-gwajen masara a Kenya. Ita ba ta bin kwanaki, tana auna abin da ƙasa ke bayarwa ne da abin da shuka ke bukata, kamar misalin da ya gabata.

Babban amfanin gonar lissafi shi ne tana noma damina talatin cikin ɗan lokaci. Sai a ba ta ruwan shekarun da su ka wuce, a tambaye ta: in an zuba kilo 30, ko 60, ko 90, a shekara nawa za a ci riba, a nawa za a faɗi? Ga ƙasa irin Gobir wannan ita ce tambayar gaske, gama abin da ke karya manomi shi ne shekarar da ruwa ya ɗauke bayan an zuba taki.

An yi wannan aiki a ƙasar Hausa. Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero, Kano, tare da reshen IITA na Kano, sun daidaita CERES-Maize da irin masarar da a ke shukawa a Arewa. Cikin masu wannan aiki akwai Jibrin M. Jibrin, da Alpha Kamara, da Adnan Aminu Adnan, su ka yi amfani da ita wajen gano lokacin shuka da ya fi dacewa da iri masu saurin nuna. A 2015 da 2016 kuma, ƙarƙashin shirin TAMASA, aka yi gwaji a gonakin manoma fiye da ɗari a jihohin Kano da Kaduna da Katsina. A kowace gona a kan yanka filaye, wannan a ba shi dukan sinadarai, wancan a hana shi naitirojin, wani a hana shi fosfarus, wani fotashiyam, a ga wanda rashinsa ya fi rage amfani. Aka tarar naitirojin ne kan gaba, fosfarus na biye, bambanci tsakanin gona da gona kuwa babba ne, har akwai gonakin da taki bai tashe su sosai ba. Da wannan aka daidaita manhajar Nutrient Expert, wadda malamin gona ke riƙewa a waya, ya yi wa manomi tambayoyi game da tarihin gonarsa, ta fitar masa da awo nasa na kansa.

Duban ganye daga sama

Gonar lissafi tana faɗin abin da ya kamata ya faru. Abin da ke faruwa a gona a yau kuwa sai an duba. Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske, don da shi ya ke aiki, yana kuma mai da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani amma na'ura na gani. In shuka ta ji yunwa, ganyenta ya yi kaɗan ya koɗe, sai jan da ta ke mayarwa ya ƙaru, wancan ɓoyayyen ya ragu. Masana su kan debe ja daga ɓoyayyen, su raba da jimlarsu, abin da ya fito shi a ke kira NDVI. Alal misali, in ɓoyayyen 50 ne ja kuma 5, sai a raba 45 da 55, a sami 0.82, alamar shuka mai ƙoshi. In 30 ne da 15, sai a sami 0.33.

Tun 1972 Amurka ta harba Landsat na farko don duban ƙasa, Nijeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a 2003. Amma abin da ya kawo aikin kusa da ƙaramin manomi shi ne taurarin Sentinel-2 na Turai, na farko a 2015, na biyu a 2017. Suna komowa kan wuri ɗaya kowane kwana biyar, kowane ɗigo na hotonsu fili ne mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, hotunan kuwa kyauta ne. Hekta guda ɗigo 100 ke nan. Tsakanin 2014 da 2016 shirin STARS ya gwada hotuna masu kaifi fiye da haka, da jirage marasa matuƙi, a gonakin Kofa ta Jihar Kano da yankin Kuciyala a Mali, don a ga ko za a iya gane tasirin taki a ƙananan gonaki.

Akwai kuma na'urorin hannu, kamar GreenSeeker da aka ƙera a Oklahoma, wadda a ke ratsa kunya da ita tana karanta ganye. Tare da ita aka fito da wata dabara mai sauƙi ƙwarai. A ware 'yan kunyoyi a tsakiyar gona a ƙosar da su da taki tun farko. In lokacin zubi na biyu ya yi, sai a gwada sauran gonar da su. In launinsu ɗaya ne, ƙasa ta wadatar, a rage taki ko a bari. In kunyoyin sun fi duhu nesa, gona na jin yunwa. Wannan ko ba na'ura ido na iya yinsa, gani kuwa ya kori ji.

In an haɗa dabarun biyu, ga yadda aiki ke tafiya. Kafin shuka gonar lissafi ta ba da awo na farko, kaɗan, a binne shi gindin shuka cikin mako biyu na farko. Bayan mako huɗu zuwa shida sai a dubi ganye, daga sama ko daga ƙasa, a gyara lissafi da abin da aka gani da ruwan da aka samu, sa'an nan a yanke yawan yuriyar zubi na biyu. In damina ta yi gardama, sai a riƙe sauran takin, kuɗinsa bai nutse cikin rairayi ba.

Iyakar abin a Turba

Wajibi ne a faɗi inda dabarun nan ke gazawa. Da fari, watan da aka fi bukatar hoto, watau Yuli zuwa Agusta, shi ne watan hadari, tauraron da ke aiki da haske kuwa ba ya ratsa girgije. Na biyu, gonaki ƙanana ne, kuma a kan haɗa shuka biyu ko uku, ga gawo da sauran itatuwa a tsakiya. Gona mai rubu'in hekta ɗigo 25 ce kacal, da yawansu kuma sun haɗa da gonar maƙwabci. Na uku, ba kowace rawaya ce yunwar naitirojin ba. Ƙarancin farar wuta ma na kawo ta, sai dai a sababbin ganye na sama. Haka kwanciyar ruwa, da ƙuduji, da tsutsar nan mai cin masara wadda aka fara gani a Nijeriya a 2016. Tauraro zai ce gona ba ta da lafiya, amma sai wanda ya tsaya cikinta zai faɗi ciwon.

Na huɗu, gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a Kano da Kaduna da Katsina, inda ruwa ya fi yawa. Lissafin da aka daidaita da ƙasar Funtuwa, in an ɗora shi kan jigawar Isa ba gyara, ya koma mudu guda ga kowa, sai dai wannan karon daga kwamfuta ya fito. Ta wannan fuska darasin da ya fi kusa yana hayin iyaka. A Nijar, masanan cibiyar ICRISAT ta Sadore sun nuna tun shekarun 1990 cewa ɗan taki kaɗan, giram 2 zuwa 6 gwargwadon irinsa, in an sa shi cikin ramin shuka, yana ƙara amfanin gero a rairayi ba tare da manomi ya ɗauki babbar kasada ba. Ƙasar Maraɗi da ta Sabon Birni kuwa kusan ƙasa ɗaya ce, mutanensu ma dangi ne.

Na biyar shi ne mafi nauyi. Daga wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a Isa da Sabon Birni, dubban mutane su ka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi, gonakin nesa su ka zama abin tsoro. A Satumba 2021 har an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, da waɗannan biyu a ciki. Inda malamin gona ba ya iya zuwa, tauraro na iya nuna filin da aka noma da wanda aka bari, wannan kuwa abin amfani ne ga masu shirin agaji. Amma shawarar taki sai ta isa kunnen manomi, shi kuma sai ya iya isa gonarsa ran da ya kamata.

Abin da ya rataya a wuyan malamai

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Tambayoyin da manhaja ke yi, manomin Gobir ya riga ya san amsarsu da harshensa. Ya bambanta jigawa da fadama, da laka, da dabaro, da fako, da geza. Ya san gonar da ta huta da wadda ta gaji, da wadda aka yi wake bara. Ya san ƙarƙashin gawo ya fi albarka, ya kuma san shukar ruwan fari ta fi ƙarfi. Wannan na ƙarshe masanin ƙasa H. F. Birch ya bayyana dalilinsa a 1958: busasshiyar ƙasa in ta jiƙe ta kan saki naitirojin da yawa a lokaci guda, wanda ya makara kuwa ruwa ya riga ya wanke rabonsa.

To, a nan aikin masanan Hausa ya shigo. Kalmomin ƙasa ba ma'anarsu ɗaya ba daga lardi zuwa lardi, abin da Bakano ke nufi da wata kalma ba lalle shi Bagobiri ke nufi ba. In an tattara waɗannan kalmomi gari-gari, aka gwada kowace da awon ƙasar da ta ke nufi, to manhaja za ta iya tambayar manomi da kalmar da ya sani, ta kuma fahimci amsarsa daidai. Haka kuma awo: kilo a hekta ba ya shiga kunne, sai an mai da shi murfin kwalba ga kowane gindi, ko tiya ga kunya kaza.

Malaman kwalejojin horon malamai kuwa suna da hanya a hannunsu wadda ba ta bukatar kuɗi mai yawa. A gonar makaranta a yanka fili huɗu, ɗaya ba taki, ɗaya kamfa kaɗai, ɗaya kamfa da yuriya zubi guda, ɗaya kamfa da yuriya zubi biyu. A kafa ma'aunin ruwan sama, ɗalibai su riƙa rubuta ruwan kowace rana, da ranar fure, da nauyin abin da aka girbe, da sunan da mutanen garin ke kiran wannan ƙasa. Irin wannan rubutu, in ya taru shekara biyar daga makarantu goma na gabashin Sakkwato, shi ne abin da gonar lissafi ke bukata kafin ta iya faɗin gaskiya game da Turba. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa, ran da aka miƙa masa waya mai ba da shawarar taki, zai san abin da zai tambaye ta, ya kuma san ran da ya kamata ya bi idon manomi.